Yaya Hajara da mijin da bai dawo daga Bukuru ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta. Ita ce babbar yayata, a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau idan na bi ta layinsu a Dutse Uku sai in tsaya in yi mata addu'a.

Mijinta, Malam Sabi'u, direban bas ne tsakanin Jos da Bukuru. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos, shi kuwa a nan aka haife shi, bai san wani gari ba. Ranar da rikici ya ɓarke ya fita da sassafe kamar kullum. Bayan ƙura ta lafa aka ga motarsa a ƙone a gefen titi. Shi dai ba a gan shi ba, ko a raye ko a mace.

Ni na riƙa raka ta nema. Babu asibitin da ba mu shiga ba, babu ɗakin ajiye gawar da ba ta sa an buɗe mata ba. Da abin ya yi nisa, dattawan dangi suka nemi fatawar malamai, aka yi masa salla, aka ce ta shiga takaba. Ta yi musu biyayya. Amma ranar da ta fita ta ce da ni, "Ƙanena, na yi takabar mutumin da ban ga likkafaninsa ba."

A wajen wannan neman ta haɗu da Maman Pam, wata Kirista 'yar unguwar Kabong mai sayar da kabeji da tumatir. Ɗanta Pam bakanike ne, shi ma ya tafi gareji bai dawo ba. A benci ɗaya suka zauna a ƙofar ɗakin gawa, kowacce ta toshe hanci da gefen zanenta. Maman Pam ce ta fara magana.

"Ke ma mutum kike nema?"

"Mijina," in ji Yaya.

Daga ranar suka riƙa tafiya tare. Inda hijabi ba ya shiga, Maman Pam ta je ta tambayo wa su biyun. Inda ita ba za ta iya takawa ba, Yaya ta je.

Da matan su Maman Pam suka shirya fitowa zanga-zanga cikin baƙaƙen kaya, Yaya ta ce za ta bi su. Gidanmu ya hargitse. Kawunmu ya ce, "Hajara, kina da hankali kuwa? Cikinsu za ki shiga?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, su ma nasu suke nema." Ina tsaye a bakin titi na hango ta cikin taron, hannunta riƙe da na Maman Pam, suna tafe cikin rana ba takalmi. Wani jami'in gwamnati ya fito ya ce za a kafa kwamiti. Yaya, wadda ko a gida ba a jin ɗaga muryarta, ta matsa gaba ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba diyya na zo nema ba. A nuna mini ramin kawai, in san inda zan kai 'ya'yansa." Ya ce za a duba. Har ta koma ga Allah ba wanda ya sake waiwayar ta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Jos ta yau. Harbe-harbe sun yi sauƙi, kasuwa na ci, amma kowa ya san unguwar da zai kama haya da wadda ba zai kama ba. Yaran da aka haifa bayan abin sun ɗauka haka garin yake tun asali. Ina jin ba za ta yi dogon bayani ba. Za ta ce an yi shiru ne kawai, tunda har yanzu akwai gidajen da ba su san inda nasu yake ba.

Hawan jini ne ya kwantar da Yaya, ba ta tashi ba. Ranar sadakar uku Maman Pam ta zo har Dutse Uku da sandarta, ta zauna cikin mata a tabarma tana kuka. Ta ce, "Yanzu wa zai raka ni?" Tana nan da ranta a Kabong, ido ya yi rauni, Pam kuma har yau shiru.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar 'ya'ya huɗu da ta raina da sana'ar ɗinki, ba ta taɓa nuna musu wani ta ce ga wanda za ku ƙi ba. Duk ƙaramar salla nakan raka mazan ziyara maƙabarta. Idan sun gama yi mata addu'a sai su tsaya a nan gefen kabarinta su yi wa ubansu ma, domin ba su da wani wurin da za su je.

Allah Ya jiƙan su duka biyun.