Kansila Ba Ya Shiga Kwata

Yayana mai gyaran famfo ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ɗigar ruwa ke hana wa sakat irinsa ba. Ko gaisuwar rasuwa ya je, in ya ji ɗis-ɗis ta bayan ɗaki, sai ya miƙe yana laluben sifana a aljihu. A wajen Babanmu ya gaji sana'ar, ya gaji jakar kayan aiki, ya haɗa har da ciwon gwiwa. Mai Famfo kowa ke ce masa a unguwa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Babban bututun da ke ba layinmu ruwa a cikin kwata yake kwance. Tun muna yara aka shimfiɗa shi, tsatsa ta cinye shi. In an kawo ruwa ya yi ta tsiyaya, in an ɗauke kuma ya zuƙi ruwan kwata ta ƙofofin da suka ɓule, washegari mu tara a bokiti. Rabin rayuwar Yaya a cikin kwatar nan ta ƙare. Ya naɗe wando, ya yanko robar tsohuwar taya, ya ɗaure nan, can ya ɓalle. Ya je ofishin ƙaramar hukuma har masu gadi suka daina amsa gaisuwarsa.

Sai amai da gudawa suka shigo layin, suka tafi da jikarsa, yarinyar da ko tafiya ba ta gama koya ba. Bai yi kuka a gabanmu ba. Bayan an watse ya same ni a shagona ina kan keken ɗinki, ya ce, "Ƙanwata, ɗauri ya ƙare. Bututun nan sai an canja shi, kuma kansila kaɗai ke iya kai maganar inda za a ji. Zan tsaya."

Na ce, "Yaya, kai da ko a taron dangi ba ka iya haɗa magana biyu?"

Ya ce, "Ai shi ya sa za ki riƙa bina."

Wata ƙaramar jam'iyya da ba ta da ɗan takara ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ya sayar da babur ɗinsa aka buga fosta, ni kuma na ɗinka masa riga fara sol. Abokin karawarsa mai gidan mai ne, yana da motoci da lasifika, bai ma san ta ina kwatar ta bi ba. Mu kuwa a ƙafa muke bi gida-gida, kuma a nan na ga ta kaina.

Mu yi sallama, a shimfiɗa mana tabarma, in fara bayani. Kafin in kai ga kalmar ƙuri'a sai matar gida ta ce, "Yauwa Mai Famfo, tunda Allah ya kawo ka, ɗan duba mana na tsakar gida." Sai in waiga in ga ɗan takarata a durƙushe, farar riga cikin laka, yana cewa a miƙo masa tsumma. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ɓoye jakar a ƙarƙashin teburin yanka, ya koma gyara da wuƙar kicin ɗin mutane. In muka fito ana ta sa masa albarka, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni, don bai ce wa kowa a zaɓe shi ba.

"Sun san ni," abin da yake ce min ke nan. "Wanda ya shiga ɗakin girkinka ya gyara maka ruwa, sai ya roƙe ka?"

Ranar zaɓe layin nan kaf ya fito. Tsofaffi na ɗaga masa hannu a rumfa, har na fara jin kunyar faɗan da na yi ta yi. Da aka ƙirga a gabanmu, abin da ya samu bai wuce mutanen gidanmu ba. Mai gidan mai ya lashe, motocinsa suka wuce ta kan kwatar suna oda.

Ba a yi mako ba bututun ya sake ɓallewa, daidai ƙofar Goggo, tsohuwar da ta yi goyon Yaya yana jariri. Ta aiko kiransa. Na bi shi, don ina da abin faɗa. Na ce, "Goggo, ku kira kansilan da kuka zaɓa mana!"

Ba ta ko ji haushi ba. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ɗan nan, kada ka riƙe mu a zuciya. Zama muka yi, mu matan layi, muka yi shawara. Mun ga kansiloli da yawa, daga sun ci sai su tashi daga unguwa. Kansila ba ya shiga kwata. In muka ba ka, wa zai ɗaure mana bututu? Ƙaunarka ce ta hana."

Da ƙiyayya ce da na san yadda zan rama. Yaya ya dubi ruwan da ke ɓulɓulowa cikin baƙar laka, sannan ya ce, "Goggo, ɗaurin ba ya hana ƙazanta shiga. Ita ta kashe min yarinya."

"Na sani," in ji ta. "Amma da ɗaurin ko babu, ruwan nan dai shi za mu sha. Ka taimaka."

Ya miƙo min hularsa, ya naɗe wando. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da na riƙe masa hannu ya sauka. Yana cikin yanka roba, Goggo ta shige ciki ta kunna famfo, ta tari ruwa a kofi ta miƙa wa jikanta.