Gwangwanin Goggo Noelene

Goggo Noelene ƙanwar babana ce, a bayan garin Bowen take, tun da tarakta ta taka mata ƙafa a gonar tumatir take karɓar tallafin nakasassu duk sati biyu. Tana da bishiyoyin mangwaro, sai ta kafa tebur a bakin titi ta ajiye gwangwani, ka ɗauka ka jefa kuɗi ka wuce, ba mai tsaro, kowa ma haka yake yi. Ni abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, ana tsakiyar ciniki sai ta dogara sanda ta je ta kife gwangwanin, mangwaro ya koma kyauta!

Ran nan na kasa haƙuri na ce Goggo wai don me?

Ta ce "Ke 'yar nan bakinki ba ya gajiya? Akwai iyakar abin da zan samu. In na wuce suka yanke tallafin, ke za ki saya min magani?"

To bana sai ga mota cike da 'yan yawon buɗe ido, suka kwashe tebur tas, suka ga gwangwani a kife suka ɗauka iska ce, suka gyara shi suka danna daloli har da na takarda. Goggo ta leƙa ta dafe kai. Maƙwabcinta Merv yana jingine da shinge yana ta dariya.

"Attajira! Yau arziki ya kama ki."

"Rufe min baki tsohon banza, rabin mangwaron nan a cikinka yake ƙarewa."

Ita kuma ba ta iya ɓoye abu ba. Ta kira ofishin tallafi ta faɗa musu kuɗin da ta samu, ni na manna kunne. Matar da ta ɗauka ta ce ai ba haka ake yankewa ba, rabin abin da ya haura kawai ake ragewa, katin maganinta yana nan.

Goggo ta ce "Maimaita." Ta maimaita.

Ashe wata ce a layin asibiti ta tsorata ta tun farko, ita kuma shekara da shekaru ba ta tambaya ba, wai kada tambayar ma ta jawo mata ido. Ta ajiye waya. Na ce to yanzu fa?

Ta ce "Miƙo min hulata. Akwai fili a bayan tankin ruwa, tun yaushe nake son shuka gwanda."