Makullin Rumbu

A ofis babu mai kiransa da sunansa. Mai Rumbu suke ce masa, har matarsa ta ɗauka, in ta so tsokana. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, na ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar da kantunan magani ke aiki da ita. Kujerarsa tana bakin taga, ya jingina mata matashi saboda ciwon baya.

Da can ya sha wuya. In an yi wa manhaja gyara sai ya saɓi jaka ya bi kanti-kanti yana sakawa, nan ta tashi, can ta ƙi, wanda ya rubuta ta kuma ya rantse a kwamfutarsa lafiya lau take. Da aka koma aiki da wata dabarar kwamfuta da ake kira kwantena, bawan Allah ya samu sa'ida. Ana ɗaure manhajar da duk abin da take bukata wuri guda, kowace kwamfuta ta buɗe, abu ɗaya za ta tarar. 'Yan sana'ar imej suke ce wa wannan ƙulli, shi kuwa dami yake cewa. Ma'ajiyar kamfanin da ake tara su, wadda ba a shiga sai da kalmar sirri, ita ce rumbunsa. Kowane dami sai ya sa masa lamba kafin ya ajiye, kuma ko za a yanka shi ba ya goge tsoho.

Yana son aikinsa, aikin ma ya karɓe shi. Aibinsa ɗaya, kowa kuma ya sani: makullin rumbun a hannunsa kaɗai yake. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, da ɗan daɗin nan na a riƙa nemanka. Don haka wayarsa ba ta hutawa. Sau nawa ya fice daga taron iyayen yara waya a kunne, sau nawa abinci ya huce a gabansa, matarsa ta gaji da mita.

Da 'yarsa ta fari ta gama jami'a, sai ta tare shi a falo.

"Baba, ni ba na son kyautar komai. Ranar karɓar shaida ka zauna tun daga farko har a kira sunana. Wayar kuma Umma za ta riƙe."

Ya yi alkawari da ƙarfinsa. Sai ga shi ranar ta faɗo daidai da safiyar da za a tura wa kantuna wani gyara da suka daɗe suna jira, manaja kuma ya ce babu ɗagi.

Abokiyar aikinsa, wadda suke kira Malama, ita ta rubuta gyaran. Sun daɗe tebur na kallon tebur. Ta gan shi yana ta juya biro, ta ce, "Yaya, ba ni makullin nan mana. Cinye rumbun zan yi?"

"Ba haka ba ne. In sabon ya ƙi fa?"

"In ya ƙi sai in mayar da na jiya. Ba don haka kake tara su kamar tsohuwa da kwalabe ba?"

Ya yi dariyar dole. Ya buɗe mata makulli nata na kanta, yana yi yana ja mata kunne, har ta ce in bai tashi ba, za ta kira Umma.

A zauren taron zafi ake, fankoki na ta wahalar banza, jawabai sun ƙi ƙarewa. Hannunsa ya yi ta kai wa aljihu ziyara, matarsa na buge shi. Can aka kira sunan yarinyar. Ya ga ta hau dandamali tana waige-waige cikin jama'a, har idonta ya sauka a kansa. Ya miƙe tsaye yana tafi kamar shi kaɗai ya haihu a duniya. Daɗi ya kashe shi, hawaye kuwa bai ma tsaya ɓoye su ba.

Suna fitowa ya fizgi wayarsa daga jakar matarsa. Ko kira ɗaya babu. Saƙon Malama ne kawai: sabon ya ƙi tashi a wasu kantuna, ta mayar da su kan na jiya, ta gyara, ta sake turawa, yanzu komai daidai. A gaida ɗiyarmu.

Gaskiya abin ya sosa masa rai. An lalace, an gyaru, ba wanda ya ce ina yake.

"Baba, lafiya?" in ji 'yar.

"Lafiya lau. Wai ko nemana ba su yi ba."

"Ni ai na neme ka," ta ce, "kuma na gan ka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan, ba wanda ya ce masa, ya mayar da wayar cikin jakar matarsa, ya ja zif, ya karɓi takardar shaidar da hannu biyu.