Matar Yaya da Butarta

Idan ka bi sabon titi da safe ka hango wata gajeriyar mace cikin takalmin roba har gwiwa, shebur a kafaɗa, buta a hannu, kada ka kuskura ka ce mata sannu da aiki. Miƙo maka shebur ɗin za ta yi. Matar yayana ce. Takalmin ma nasa ne, Allah Ya jiƙansa. Ya yi mata yawa, sai ta cusa tsumma a ciki, tana tafiya yana ƙara kamar ana tauna danƙo.

Ni mai aski ne, shagona na bakin titin. Shekara talatin da wani abu muna zolayar juna da ita. Ina ce mata Matar Yaya, ita kuma tana ce mini Reza, wai don bakina ya fi kayan aikina kaifi.

A bayan gidanta akwai bishiyar lemo guda bakwai. Duk haihuwar da ta yi, Yaya sai ya dasa ɗaya. Yaran sun girma sun watse, mai dashen ya riga mu gidan gaskiya, aka bar ta da bishiyoyi tana kiran kowace da sunan mai ita. Da lemon take sayen sabulu da man girki, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Lambun a kwari yake, amma da can ko an kwana ana ruwa, kafin azahar ya wuce ta ƙasan lambun ya gangara kogi abinsa.

Sai aka kawo mana aikin noman rani. Aka ja hanyar ruwa ta siminti daga madatsa, mutane suka shiga shuka shinkafa sau biyu a shekara. Bayan haka aka ce amfanin gona yana bukatar titi, aka zo aka yi shi, aka ɗaga shi sama ya kai tsayin mutum. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Direbobi suka riƙa tsayawa aski, har kujera ta biyu na saya.

Masu awon titin da rani suka zo, ƙasa a bushe ƙamas. Matar Yaya ta same su suna leƙa wata na'ura mai ƙafa uku, ta gaishe su, ta nuna musu ƙasan lambunta.

"Ɗana, ta nan ruwa yake wucewa. Nan za ku sa masa ƙofa."

Injiniyan, wani matashi mai hular kwano, ya yi murmushi. "Mama, na'ura ta riga ta auna."

"Na'urar taku ta taɓa yin damina a nan?"

Suka yi dariya, suka ce tsohuwa akwai barkwanci. Kwalbatin da ruwa zai bi ta ƙarƙashin titi suka kai shi taku ɗari huɗu gaba, kuma tsakaninsa da lambun akwai wani ɗan tudu.

Daminar farko ruwa ya zo inda ya saba, ya tarar an rufe masa hanya, ya zauna. Aka ce rani zai shanye shi. Ina! Da rani masu shinkafa suka buɗe ruwansu, rarar da ta fito daga gonakinsu da yoyon da hanyar simintin take yi duk suka gangaro wurin. Ruwan ya yi kore, ya yi wari. Sauro suka kafa gari, har a shagona sai mutum ya riƙa marin kansa ina tsakiyar aski. Yaran da ke wanka a ciki suka fara fitsarin jini. Rijiyar gidan Matar Yaya ta koma zartsi. Gefen da ruwan ya ɗan janye kuwa, sai ka ga ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ko ciyawa ba ta fitowa.

Bishiyar ɗan fari ce ta fi kusa da kwarin. Ganyenta ya yi rawaya, ya zube. Wata uku bayan nan ta biyu ta bi ta.

Akwai ofishin masu kula da titi a gaba kaɗan, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Shugabansu muna ce masa Mai Fayil, don ko bayan gida zai zaga da fayil a hammata yake tafiya. Da Matar Yaya ta kai masa kuka, ya ce ta rubuto takarda. Ni na rubuta mata, sau uku, da rubutuna mai kyau, har da "muna masu ladabi". Duk zuwan da ta yi sai ya ce maganar tana sama.

Ranar da bishiya ta uku ta fara rawaya, ta shigo shagona ina yi wa wani direba gyaran fuska.

"Reza, ara mini bokitinka."

"Matar Yaya, wanka za a yi mini? Ai da kin faɗa da wuri."

"Wanka ya gagari uwarka, ni ce zan iya? Kawo bokiti."

Na bar direba da kumfa a haɓa na bi ta, don na san fuskar nan. Ta cika bokitin da koren ruwan, har da 'ya'yan kwaɗi suna wutsil-wutsil, ta ɗauka a ka ta nufi ofis. Ta yi sallama, ta sauke shi a tsakiyar teburin Mai Fayil.

Ya zabura ya rungume takardunsa. "Mama, lafiya? Mene ne wannan?"

"Kayanku ne na kawo muku ɗanɗano. Sauran yana bayan gidana. Tunda kun ce magana tana sama, ku aika musu da wannan, su ma su shaƙa."

"Mama, ai komai da tsarinsa."

"To ni ma yau na yi nawa."

Washegari ta ɗauko shebur da diga na Yaya. Ta ce tunda ba za su kawo wa ruwa ƙofa ba, ita za ta kai ruwan ƙofar. Lambatu za ta haƙa daga ƙasan lambun, ta bi gefen titi, ta ratsa tudun, har bakin kwalbati.

Na ce, "Taku ɗari huɗu fa! Kuma da wace na'ura za ki san gangare?"

Ta ɗaga butar alwalarta. "Ga injiniyana."

Haka ta riƙa yi. Ta haƙa taku biyu ko uku, ta daddaɓe ƙasan ramin da bayan shebur, ta tsiyaya ruwan buta, ta tsuguna tana kallo. In ya gudu wajen kwalbati, ta ci gaba. In ya tsaya ko ya dawo, ta ƙara zurfi. Masu wucewa suka samu abin kallo. Wani mai tireda ya ce tsohuwa tana yi wa titi tsarki. Ta ce masa ai shi ya fi titin bukata, ya matso. Ni ma ban bar ta ba, kullum sai na leƙo na tambayi lafiyar injiniya, ko an biya shi albashi.

Babban ɗanta ya ji labari ya zo daga birni, ya same ta cikin rami har ƙugu.

"Umma, don Allah ki fito. Ki haɗa kayanki mu tafi, ɗaki na nan na gyara miki. Kawu, ka sa baki mana."

Na ce, "Bakin nan da kake gani ya sha kaye a hannunta tun ba a haife ka ba."

Ta share gumi da gefen mayafi. "Taka bishiyar ta mutu ina zaune ina jiran takarda. Ta ƙaninka ma haka. Ba zan zauna in ƙirga sauran ba. In kana son taimako, ga diga."

Ya cire agogo ya shiga ramin. Kwana biyu ya yi, hannunsa ya yi kanta, ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa ciwon bayana da na daɗe ina taƙama da shi sai ya ji kunya ya lafa, na fara rufe shago bayan la'asar ina kwashe mata ƙasa. Iyayen yaran nan masu fitsarin jini su ma suka riƙa zuwa jefi-jefi. Amma tudun, inda ƙasa ta yi tauri kamar dutse, kusan ita kaɗai ta ci shi, wata biyu cur. Kafin ta ratsa shi bishiya ta uku ta ƙarasa, ta huɗu ta bi bayanta. Ranar ba ta ajiye diga ba sai magariba.

Saura taku ashirin ta kai kwalbati sai ga Mai Fayil da ma'aikata biyu, ɗauke da wani dogon allon katako mai jan rubutu: AN HANA HAƘA A NAN. Suka kafa shi a bakin ramin.

"Mama, taku goma sha biyar daga bakin kwalta, duk ƙasar titi ce. Doka ce."

Ta dogara shebur. "Ƙasar titi ce?"

"Ƙwarai."

"To ruwan da ke kwance a kanta na wane ne?"

Ya buɗe fayil, ya rufe.

"In naku ne, ku kwashe shi yau, in ajiye shebur in yi muku godiya. In ba naku ba ne, matsa mini, kana tsaye a kan hanyar baƙona."

"Zan kai rahoto sama."

"Ka gaishe su. Ka tambaye su ko bokitina ya isa, na Reza ne, yana nema."

Kwana tara bayan nan ta fasa taku na ƙarshe. Ba wani abin kallo ba ne, kada in yi muku ƙari. Ruwan ya taho a hankali, baƙi, yana tura ganye da robobi, ya leƙa bakin kwalbati kamar yana tambayar ko da mutane, sannan ya shige. Ta bi shi a gefe tun daga lambu har can, buta a hannu, tana ce masa, "Wuce, wuce, ka daɗe." Cikin mako biyu ƙasan lambun ta fito. Sauro suka rage. Rijiyar dai har yau da sauran zartsi, farin nan ma bai gama barin ƙasa ba, tana ta zuba masa taki tana jiran damina ta wanke.

Bishiya uku suka tsira. Bana ta auta ta yi fure, har ta kawo mini lemo biyar a shago, ta ce ladan kwasar ƙasa ne, kada in saba.

Rahoton Mai Fayil yana sama har yanzu. Lambatun kuwa kullum sai an yashe shi, don laka da shara ba sa hutu, shi ya sa za ka gan ta da safe cikin takalmin Yaya. Matsala ɗaya aka samu: ramin ya raba ƙofar lambun da titi, masu zuwa sayen lemo sai sun yi tsalle. Ran nan na je na tarar ta tuge allon nan, ta shimfiɗa shi a kan ramin, rubutun yana kallon sama.

Na ce, "Matar Yaya, wannan fa kayan hukuma ne."

Ta ce, "Ai yana nan a ramin da suka kawo shi dominsa, kwanciya kawai ya yi. Taka ka wuce, Reza, katakon mai kyau ne."