Haruffan da Na Miƙar wa Baba Magagi

A Filinge ta zamanin kumandan, Baturen mulki, in ka ga gini ya miƙe sak, ba sai ka tambaya ba, hannun Baba Magagi ne. Shekara talatin yana taka ƙasa yana ɗora tubali. Bai san boko ba, amma yana da ido. Ni kuwa, Hamani, shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, na fito ina taƙama kamar ni na haifi karatun.

Wata shekara Alhaji Tahiru ya sayi kamiyo, babbar mota mai zuwa Yamai. Ya kawo wa Baba Magagi wata takarda, ya ce ya zana abin da ke ciki a bangon tasharsa. In ya yi kyau, Baba ne zai gina masa gareji da shaguna huɗu. Tsohon ƙarfinsa ya fara ja baya, ya san wannan ne babban aikinsa na ƙarshe.

Ya kira ni in duba. Haruffa ne masu kauri, baƙaƙe wuluk, duk sun karkata gaba.

Ya ce, "Hamani, sun yi mini kyau. Kamar gudu sukai. Ga kauri, daga kasuwar shanu za a hango su."

Na yi dariya. Ni fa! Na ce, "Haba Baba, wannan kuskure ne. Mushe, malaminmu, bulala yake mana in harafi ya kwanta. Kai da ba ka taɓa gina karkataccen bango ba, yau za ka fara?"

Nan na same shi. Ya ɗauko igiyarsa mai dutse ta awon bango, ya miƙar da su ɗai-ɗai, kwana uku cur. Ina gefe ina gyaɗa kai, ina ba da umarni.

Ran kasuwa ta zo. Mutanen Bonkuku da na Damana da ke son mota suka hango bangon, sai suka kauce. Ashe manyan haruffa tsayayyu wuri guda suka san su: ƙofar biron kumandan, wato ofishinsa, inda ake kiran mutum bai san ranar dawowa ba. Wata tsohuwa har ta ja jakinta ta bi ta bayan gari. Kamiyo ta tashi rabinta wayam.

Alhaji Tahiru ya zo yana huci. "Magagi, mi na ba ka? Mota nis saya, ba kurkuku ba! Wa ya ce ka taɓa su?"

Ina tsaye nan. Bakin da ya yi kwana uku bai huta ba, ran nan ya mutu murus. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan tsayuwa.

Baba Magagi bai ko dube ni ba. Ya ce, "Hannuna ne, Alhaji."

Wani magini daga Sanam aka ba garejin.