Cinikin da Yaya Alhasan ya yi a kan harshensa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Alhasan, amma har yau in na ratsa kasuwar dabbobi ta Barmu sai in ji kunnena na neman muryarsa. Dillalin shanu da raƙuma ne. Harshensa ne gonarsa. Da shi ya ciyar da gidanmu har na yi karatu na zama malami a Tawa.

Mutum ne mai rawani, amawali ba ya sauka daga bakinsa, kamar yawancin dattawan arewacin Adar. A kumatu kuwa kullum akwai taba da kanwa. Da gyambo ya fito masa a gefen harshe, amawalin nan ne ya ɓoye shi tun damina har rani. Abin da muka lura kawai shi ne ya daina cin tuwo da mu, sai ya ja akushinsa gefe ya juya mana baya. Muka ɗauka girma ne ya zo. Har yau ina jin haushin ƙyallen nan.

Sai da magana ta yi masa nauyi muka kai shi Yamai. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma bai ɓoye mana komai ba. Idonsa na ganin gyambon, amma ba ya ganin inda saiwarsa ta tsaya, don haka zai yanka da faɗi, har da naman lafiya. Wataƙila Yaya ya rayu, amma magana sai kaɗan.

Yaya ya kama hannun likitan kamar yadda yake kama na mai saye. "Likita, rage mani. Dillalin da ba shi da halshe, mi za shi kai gida?" Likita ya ce nan ba kasuwa ba ce. Yaya bai saki hannun ba, don bai taɓa tashi daga ciniki ba a rage masa ba. A ƙarshe likita ya rage faɗin yankan, aka bar masa abin da za a iya bari na harshen. Ya dawo yana fariya da rabin baki, wai ko likitan Yamai bai iya da shi ba. Ya ci kasuwa har bayan girbi, sannan ciwon ya dawo daidai bakin ɗinkin, ya gangara maƙogwaro. Ya rasu ko ruwa ba ya iya haɗiya.

Kwanan baya 'yata Ramatu, mai karatun aikin jinya, ta nuna mini wani abu a waya. Ana yi wa majiyyaci allurar wani ruwa, a haska bakinsa da fitila ta musamman, sai naman da ya kamu ya yi haske, likita ya bi gefensa da wuƙa. "Baba, da akwai wagga hitila lokacin, da ba a yi cinikin nan ba," in ji ta. Na tambaye ta ina fitilar take. Ta ce can ƙasashen Turawa, ko can ma ba kowane asibiti ba.

Na san abin da Yaya zai ce. Bai taɓa taya dabbar da ba a kawo kasuwa ba, komai yabon da aka yi mata. Zai ce a kawo ta ya gani, ya ci gaba da taunar tabarsa. Ni ma ban sa rai zan gan ta a Tawa da raina ba. Ko ta zo, ba ta haska abin da ke ƙarƙashin amawali.

Me ya rage nasa? Muryar ta fara ɓace mini, wannan kuwa yana ƙona mini rai. Ɗansa Sule ya gaji turkensa a kasuwa, da rawanin, da battar tabar. Sallar da ta wuce na je Barmu, aka kawo tuwo, sai Sule ya ja akushinsa gefe ya juya mana baya. Na kira sunansa.

"Ba komi, Baba," ya ce, maganar na yi masa nauyi. Ya sa hannu ya gyara amawalinsa.