Motoci Uku da Hannun Hagun Baba

Mahaifina injiniyan hanyoyi ne har ya yi ritaya, kuma a gidanmu da ke Ƙofar Sauri ba a yin hirar mota sama-sama. In wani ya zo nuna sabuwar motarsa, mutane su tsaya yaba fenti da kujeru, shi Baba sitiyari yake fara kamawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ni ya fara koya wa tuƙi kafin ƙannena maza. A filin idi ya koya mini, cikin tsohuwar motarsa mai giyar hannu, wadda sai ka sa ƙarfin kafaɗa kafin ta yarda ta juya. In na ƙanƙame sitiyarin sai ya ce in sassauta, wai wanda ya shaƙe abu ba ya jin abin da yake faɗa.

Ina gidan mijina, ina aiki a kantin magani, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita abin. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun hagu ne kawai ya ƙi dawowa duka. Yatsun suna riƙe kofi, suna jan carbi, amma in aka fizgi abu daga cikinsu sai su saki. Ya daɗe ana kai shi ana dawo da shi kamar kaya, shi da ya saba ɗaukar kowa. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai na lura in ƙanena yana tuƙa shi, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu.

Da likita ya ce zai iya komawa tuƙi a cikin gari muddin motar otomatik ce kuma sitiyarinta ba ya wahalarwa, yayanmu da ke Abuja ya bugo waya ya ce Baba ya zaɓi babbar mota, irin wadda bai taɓa yarda ya saya wa kansa ba saboda karatunmu. Baba ya yi ta kawo uzuri, daga baya ya amince.

Wata Asabar da hantsi muka tafi wurin wani dillalin motoci a wajen Ƙofar Kaura, mutumin da Baba ya sani tun yana saurayi. Aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi jiki da iyali da mutanen Abuja, aka kawo ruwa. Sannan dillalin ya nuna mana motoci uku da ya ware a ƙarƙashin rumfa: wata doguwar baƙa 'yar Jamus, wata shuɗiya ita ma 'yar Jamus amma ba ta kai baƙar tsawo ba, sai wata fara 'yar Japan. Ya miƙa wa Baba makullai.

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ba Uwata. Ita za ta tuƙa, ni in zauna gehe ta riƙa gaya mani abin da hannunta ya ji."

Dillalin ya juyo ya ba ni da hannu biyu. "Bismilla, Hajiya."

Da baƙar muka fara. Ƙofarta kaɗai ta isa ta gaya maka irin motar da ka shiga, don tana rufuwa da wani nauyi kamar ƙofar ɗakin ajiya. Na fito da ita daga filin dillalin da ƙyar, sai da na juya sitiyarin na sake juyawa, yana da tauri a hankali kamar ana murɗa rigar da aka jiƙa. Amma da muka bar cunkoso muka hau hanyar Dutsinma na ɗan taka, sai motar ta kwanta. Sitiyarin ya tsaya cak a tsakiya, ba ya rawa, ba ya neman gyara. Wata babbar motar kaya ta wuce mu da iskarta, ko gezau.

"Mi kika ji?" in ji Baba.

"Baba, wannan ba ta son a dame ta. In an sa ta a hanya ta kama, shi ke nan. Amma a shataletale sai da na roƙe ta. Tana juyawa kamar dattijo da babbar riga, sai ya tattara hannun riga tukuna."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce motar tafiyar Kaduna ce wannan, shi kuwa yanzu iyakarsa masallaci da gidajen 'yan'uwa.

Shuɗiyar ita ce ta tafi da hankalina. Sitiyarinta ƙarami ne mai kauri, kuma kafin in gama niyyar juyawa hancin motar ya riga ya juya. Duk abin da tayoyin gaba suka taka yana zuwa tafin hannuna: inda aka yi wa kwalta faci, inda tsakuwa ta zube, inda yashi ya hau gefen titi. Akwai wata doguwar kwana a kan hanyar, na shige ta ban taɓa birki ba, na ji bayan motar yana turo ni cikin kwanar, tayoyin sun kama ƙasa ƙam. Na rasa yadda zan bayyana, sai na ce masa ji nake kamar na cire takalmi ina tafiya a tsakar gida.

Baba ya miƙo hannun dama ya ɗora yatsu biyu a gefen sitiyarin muna tafe, ya lumshe ido. Can ya ce, "Nan sun zuba kwalta kan ƙasar da ba su daddaɓe ba. Ji yadda take gaya maki." Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon.

Farar kuwa ba ta burge mu ba a ranar. Da ɗan yatsa ɗaya za ka juya sitiyarinta, kamar ana juya ludayi cikin kunu. Mun bi ta kan ramukan da suka girgiza mu a shuɗiyar, ita ta haɗiye su ba mu sani ba. Ko ƙarar inji babu. Da ya tambaye ni abin da na ji, na ce ban ji komai ba.

"Bebiya ce," in ji shi. "Mai da ita."

Washegari dillalin ya aiko da shuɗiyar gida don Baba ya gwada da kansa. Muka tafi wani layi mara zirga-zirga a sabuwar unguwa, na fito, ya zagayo ya zauna. Ya daɗe yana gyara kujera da madubi. Ya yi bismilla ya tayar, muka tafi a hankali, kuma tafiyar ta yi kyau har na fara murna a raina. Sai muka zo inda aka yanka titi aka binne bututun ruwa, aka bar wurin da tudu da kwari. Tayar dama ta faɗa, sitiyarin ya fizga kamar yadda ya fizge ni jiya ban ko kula ba, hannun hagun Baba ya suɓuce ya faɗo kan cinyarsa. Motar ta karkata wajen kwata. Ya riƙe ta da dama, ya taka birki, muka tsaya lafiya.

Wata akuya ta zo ta shinshina taya ta wuce. Ina so in ce laifin masu bututu ne, amma na san ba ya son a lallashe shi kamar yaro.

Ya ɗaga hannun hagun da na dama ya mayar kan sitiyarin, ya dube shi. "Motar ba ta yi laihi ba, Uwata. Gaskiya ta hwaɗa. Zo ki mai da mu gida."

Kwanaki bai sake tada zancen mota ba. Mahaifiyarmu ta ce mini in ƙyale shi, in an takura masa cewa zai yi ya fasa gaba ɗaya. Ni dai raina bai kwanta ba. Na koma wurin dillalin ni kaɗai na roƙi ya ba ni aron farar in riƙa zuwa aiki da ita na ɗan lokaci, don a ganina tuƙin rabin hantsi bai isa a yanke wa mota hukunci ba, balle mun hau ta ne bayan shuɗiyar ta gama cika mana hannu. Ya ba ni ba musu.

Na shiga da ita kasuwa, na bi da ita cikin 'yan acaɓa, na kai yara makaranta, na fita bayan gari. A hankali na gane abin da ya wuce ni ranar farko. Sauƙin sitiyarin nan a tafiyar hankali ne kawai, wurin fakin da shiga lungu. Da gudu ya ƙaru sai ya riƙa yin nauyi da kansa, har ya tsaya daram a tsakiya. Kuma tana sanar da kai halin hanya, sai dai ba a tafin hannu ba. In tayar gaba ta hau yashi, a kujera nake ji, a ƙuguna. Abin da ya fi mini komai shi ne na koma layin bututun nan da gangan, na bi ta kan ramin da hannu ɗaya, sitiyarin bai fizga ba ko kaɗan.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na zayyana masa duk abin da na ji, dalla-dalla, yadda ya saba karɓar rahoto. Ban ce ya saya ba, ban ce kar ya saya ba.

Ya rage muryar rediyon. "A ƙugu kika ce?"

"A ƙugu, Baba. Ba bebiya ba ce, murya ce gare ta ƙasa-ƙasa."

"Kin bi ta wurin bututun?"

"Na bi. Da hannu ɗaya."

Sai ya ce in miƙo masa hularsa.

Ranar ya tuƙa ta a layin, ya bi ta kan ramin, ya juyo ya sake bi, hannun hagun yana nan inda ya ajiye shi. Ya sa ni na yi shiru don ya saurara. Da muka tsaya ya ce shuɗiyar ta fi ta daɗin tuƙi, kuma ba zai fasa faɗin haka ba ko gaban wa, amma wannan ita ce daidai hannunsa na yanzu. Ya bugo wa yayana waya da kansa ya gaya masa ya zaɓa.

Fitarsa ta farko ta sosai ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Ya ce zai je gaida Gwaggo, yayarsa da ke Gobarau, wadda tun ciwon nan ita ke zuwa duba shi duk da ƙafafunta. Ƙanena ya ce a bari ya kai shi, saboda lungunan can ko ƙaramar mota tana shan wuya. Baba ya ce ni kaɗai zan bi shi, kuma a gefe zan zauna.

Hanyar ta cika da masu dawowa daga masallaci, ga babura, ga masu baro, ga yara da fararen kaya suna tsallakawa ba duba. Na haɗe hannuwana a cinya don kada su kai wa sitiyarin da kansu. Baba yana tafe a natse, dama tana juyawa, hagu tana tallafawa. Da muka karya cikin lungun su Gwaggo, katanga ta matso mu ta dama, kwata ta buɗe baki ta hagu, tsakanin madubi da bango bai fi tafin hannu ba. Wani mai shago ya taso zai nuna masa hanya, Baba ya ɗaga masa hannu ya gode, ya wuce bai goga ko'ina ba, ya tsaya daidai ƙofar gidan.

Gwaggo tana zaure kan tabarma. Ta ga mota ta tsaya, ta ga wanda ya fito daga wajen direba, ta dafa bango ta miƙe. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Baba Auta, da furfurarsa da komai.

"Auta, kai ka tuƙo kanka?"

"Ni na tuƙo, Yaya."

Sai ta rangaɗa guɗa, tsohuwar da muke zaton muryarta ta ƙare, har matan maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi yana cewa ta bari mana, mutane na kallo. Ni kuwa na tsaya jikin motar, ina kallonsu, ban ko gaishe ta ba sai da ta kira ni.

Da za mu tafi babu wurin juyawa, dole sai da ribas har bakin titi. Na buɗe ƙofa zan fita in riƙa duba masa baya, ya ce in zauna. Ya ɗora hannun hagun a saman sitiyarin, ya dubi madubin nan ya dubi wancan, ya fito da doguwar motar nan daga lungun a hankali, tiryan-tiryan, yara suna biye da mu suna tafi.

Bai nufi Ƙofar Sauri ba, gidana ya fara kai ni, ya ce mijina da yara suna jira. Na sauka na yi masa Allah ya kiyaye hanya, na tsaya a bakin ƙofa. Ya kunna sigina tun da sauran tafiya kafin kwana, ya jira wani mai babur ya wuce, sannan ya karya ya tafi gida shi kaɗai.